Yadda Aka Ceto Tsohuwar Fijo Daga Hannun 'Yan Gwangwan A Kafanchan

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin garuruwan Arewa ya san irin motocin nan da ake bari a gindin bishiya ko a bayan katanga, tayoyinsu sun sace sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kan kujerunsu, awaki kuma suna fakewa a ƙarƙashinsu in ruwa ya sauko. Yawancinsu ba haɗari ne ya kwantar da su ba. Wani ɗan ƙaramin abu ne ya lalace, maigidan ya ce bari wata ya mutu a yi albashi, wata ya zama shekara, shekara ta zama goma, har shi kansa maigidan ya koma ga Mahaliccinsa. Ƙarshensu kuwa ɗaya ne: wata rana 'yan gwangwan za su zo da gatari da guduma su daddatsa su, su ɗora a sikeli, a kai ƙarfen inda ake narka shi a yi rodin gini. Amma a Kafanchan an sami wata guda da ta tsallake wannan siraɗi, kuma labarinta ya cancanci a ba mai karatu.

Kafin a zo kan motar, ya kamata a san garin. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Cikin 1927 ne dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da na Kaduna, sa'an nan aka fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos, inda ake haƙar kuza. Tun daga lokacin garin ya zama mararraba, ma'aikatan reluwe daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka zo suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro da Hausawa da Fulani. Cikin 1933 Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya dawo garin. A cikin waɗannan ma'aikata na reluwe akwai wani akawu, mutum mai tsentseni da tsabta, wanda ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki a tashar Kafanchan. Shi ne mai motar na fari, kuma Allah Ya yi masa rasuwa da daɗewa.

Ya saye ta ne a 'yan shekarun da suka biyo bayan ƙarin albashin Udoji. Manya sun san wannan zamani. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji cikin 1972, kwamitin ya miƙa rahotonsa cikin 1974, farkon 1975 kuma kuɗin ariya suka shiga hannun ma'aikata. A wannan shekara ta 1975 ce kamfanin haɗa motocin Peugeot, watau PAN, ya fara aiki a Kakuri cikin Kaduna. Saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas a lokacin, ta jirgin sama ake ɗauko kayan haɗin daga birnin Liyon na Faransa a sauke su a Kano, sa'an nan a kawo su Kaduna. Akawun nan ya haɗa abin da ya tara da rancen mota irin wanda ake ba ma'aikata, ya je Kaduna ya dawo da Peugeot 504 fara sol, wadda jama'a suka fi sani da Fijo.

Ba banza ba mutanen ƙasar nan suka rungumi wannan mota. Cikin 1968 aka fara fito da ita a Faransa, cikin 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Cikin 1975 ta cinye tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin burji da taɓo, ta kuma cinye na Maroko da na Bandama a ƙasar Kwaddibuwa. Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, in ta faɗa rami kuma ba ta girgiza na ciki. Wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa da Kaciya da damina a waɗancan shekaru ya san amfanin wannan. Bayan juyin mulkin 1975 ita ce ta zama motar manyan jami'an gwamnati, ta kuma zama motar haya, da ta 'yan sanda, da ta asibiti.

A unguwar akawun kuwa motar ta zama ta kowa. Ita ke kai amarya, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke raka alhazai filin jirgi, ita kuma ke ɗauko buhunan citta daga Kwoi in maƙwabci ya roƙa. Marigayin ba ya tambayar mai ƙwanƙwasa ƙofa addininsa ko yarensa, takalmi kawai yake nema. Kowace Asabar da safe yakan wanke ta da kansa, ya duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya rubuta abin da ya yi a cikin wani ɗan littafi irin na 'yan makaranta da yake ajewa a aljihun motar.

Sannu a hankali zamani ya juya. Cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, Naira da a farkon shekarun 1980 ta fi Dalar Amurka daraja ta yi ta zubewa, kayan gyara suka yi tsada. Reluwe ta durƙushe, tashar da a da ba ta barci ta koma shiru. Tsohon ya yi ritaya, idonsa ya raunana. Wata rana lagireto ya huje a hanya, injin ya yi zafi ya ƙona gaskit, aka turo motar har gindin mangwaron da ke tsakar gida, ya ce za a gyara bayan salla. Ba a gyara ba har ya rasu. Da aka zo rabon gado aka raba gida da gona, motar kuwa ba wanda ya ko ambace ta, domin kowa ya ɗauke ta tarkace. Ta yi shekaru fiye da goma sha biyar a wurin, a garin da ruwan sama ke zuba tun daga Afrilu har Oktoba.

'Yan gwangwan ne suka tuna wa gidan da ita. Sun leƙo ta kan katanga suka yi tayi, kuma tayin ba kaɗan ba ne, gama ƙarfenta ya ɗara tan ɗaya. Babban ɗan marigayin, ɗan kasuwa ne a Kaduna, ya zo ya tara 'yan'uwansa a ɗakin mahaifiyarsu ya ce a sayar a raba. Kowa ya yi na'am sai ɗa na uku, wanda malamin makarantar sakandare ne a nan garin.

Malamin ya ce, "Yaya, ina neman alfarma. Kada a sare ta. A sayar mini."

Wan ya dube shi ya ce, "Kai da albashinka ba ya kai ka ƙarshen wata? Me za ka yi da gawa? In mota kake so, ka tara ka sayi 'yar Beljiyam mai shan mai kaɗan."

Malamin ya ce, "Gaskiyarka ne, Yaya. Amma wannan a cikinta aka kai Inna asibiti ranar da aka haife ni."

Ba za a ce wan ya yi rashin hankali ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kowane mai mota ya koma lissafin lita, mota mai kafireta irin ta da kuwa ba ta san tsimi ba. Akwai kuma ƙanwarsu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, wadda rabonta na kuɗin, kome ƙanƙantarsa, zai biya kuɗin makaranta. Dukiyar magada ce, kuma ba ya halatta mutum ɗaya ya riƙe haƙƙin sauran saboda begen mahaifi. Tsohuwar ba ta ce kome ba sai da aka gama, sa'an nan ta ce ita tumuninta ta yafe wa duk wanda zai bar motar a gidan, sauran kuma su sasanta tsakaninsu.

Yadda malamin ya bi da al'amarin shi ne abin koyi na farko a cikin labarin. Bai tsaya a kan tayin 'yan gwangwan ba. Ya kirawo wani dillalin kayan gyaran mota ya yi mata kuɗi a matsayin wadda za a kwance a sayar gunduwa-gunduwa, kuɗin suka fi na farko, ya ce a kan wannan na biyun zai saya. Aka kirawo limamin unguwa ya fitar da rabon kowa, namiji rabo biyu mace rabo ɗaya, aka rubuta takarda a gaban shaidu cewa motar ta zama tasa, ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Ƙanwar ya fara biya nan take, sauran kuma ya biya su kaɗan-kaɗan cikin watanni. Da haka ya toshe ƙofar da ke raba zumunci a gidaje da yawa, watau ranar da abin da aka raina ya yi daraja kowa ya dawo yana cewa da rabonsa a ciki.

Saura bakanike. Samarin kanikawa biyu da ya kawo sun buɗe gaban motar suka rufe, suka ce su aikin motocin zamani suka koya, waɗanda ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu. Littafin marigayin ne ya nuna hanya, domin a kusan kowane shafi akwai sunan mutum ɗaya, wani bakanike Bajju da ya yi ta duba motar tun tana sabuwa. Malamin ya bincika aka ce yana nan da rai, amma ya bar garejinsa na cikin gari. Wanda ya san Kafanchan ya san dalili. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi cikin Maris 1987, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011 har aka ƙona kasuwar garin, sun sa mutane da yawa sun tattara sun koma inda nasu suka fi yawa. Akwai unguwannin da malamin ya yi wasa a cikinsu yana yaro amma ya yi shekaru bai taka ba. Ya hau babur ya tafi.

Ya tarar da tsoho mai furfura yana zaune a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ni ɗan akawun reluwe ne mai farar Fijo."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, tana nan?"

"Tana nan, Baba, amma ta mutu."

"Fijo ba ta mutuwa, sai dai a kashe ta. Gobe ka zo ka ɗauke ni."

Da aka zo maganar lada tsohon ya ƙi. Ya ce akwai daren da mahaifiyarsa ta yi rashin lafiya a ƙauye, damina ta yi nisa, babu direban da ya yarda ya shiga hanyar, Maigida ne ya tashi ya je ya ɗauko ta, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ya ce kayan gyara na malamin ne, hannu kuwa nasa ne. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sharaɗi ɗaya ya kafa, a ba shi yaro mai hankali wanda zai riƙa miƙo masa sifana, gama ƙarfinsa ya ragu. Malamin ya ba shi babban ɗansa, wanda ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako.

Abin da tsohon ya fara hanawa shi ne a sa batir a murɗa makulli. Ya ce wannan shi ne kuskuren da ke kashe yawancin motocin da suka daɗe a ajiye, domin ringi ya riga ya manne da tsatsa, in aka tilasta shi sai ya karye ya kankare cikin injin. Ya kwance filogi huɗun ya zuba man gas gauraye da baƙin mai a kowane rami, ya ce a bar shi mako biyu. Kafin nan aka ɗaga motar a kan itace, aka kori ɓeraye da suka yi sheƙa a cikin kujeru suka cinye wayoyi, aka sauke tanki, wanda tsohon fetur ya daskare a cikinsa kamar ƙaro. Bayan mako biyu aka sa dogon sifana aka gwada juya injin da hannu. Ya ƙi. Sai aka sauke shi gaba ɗaya.

A nan ne yaron ya ga hikimar waɗanda suka ƙera wannan inji. Ramukan da fistin ke kai da kawowa a cikinsu ba a jikin injin aka huda su ba, wasu bututun ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi, ruwan sanyaya inji yana zagaye su. Saboda haka injin da ya cinye ana iya mayar da shi sabo sau da dama ba tare da an jefar da gangar jikinsa ba. Fistin guda ya kama, ruwan da ya shiga tun ranar da gaskit ya ƙone ya cinye bututunsa. Aka canja duka huɗun da ringinsu, aka kai kan injin wurin masu inji suka goge shi ya daidaita, aka kwance kafireta aka wanke ƙananan ramukanta ɗaya bayan ɗaya. Birki kuwa tsohon bai yarda a yi masa kwaskwarima ba. Ya ce motar da ta ƙi tashi kunya kawai za ta ba mai ita, wadda ta ƙi tsayawa kuwa makara ce. Aka sabunta robobi da bututun birki duka.

Jikin motar ya fi injin wahala. Ganyen mangwaro ya toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya fita, ruwan ya kwanta ya cinye daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba da gindin but, har mutum yana hango ƙasa. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗinka sabon ƙarfe. Neman kaya ya kai malamin kasuwar Panteka a Kaduna sau da dama, ya kai shi Jos. Wani abin a samu sabo a cikin kwalinsa ya yi ƙura a bayan shago, wani sai a jikin wata Fijon da aka riga aka yanka, wani kuma maƙeran Panteka su dubi tsohon su ƙera irinsa. Abin da ya taimaka shi ne an daɗe ana yin motar a nan gida: Faransa ta daina yin irin wannan tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba har 2006.

Aikin ya ci kusan shekara biyu, gama sai an yi albashi ake sayen abu ɗaya. Abokan aikinsa suka riƙa yi masa ba'a, suna tambayarsa yaya jikin mara lafiya. Akwai watan da uwargidansa ta zaunar da shi ta ce, "Malam, buhun masara ya ƙare, kai kuma ka shigo da lagireto." Ya dakatar da aikin wata uku har gida ya daidaita, kuma daga nan ya ɗaukar mata alkawari cewa kuɗin darasin da yake koyarwa da yamma kaɗai zai riƙa sa wa motar. Ya cika alkawarin.

Ranar da aka tashe ta, tsohon ya ɗiga fetur a bakin kafireta ya ce wa yaron ya murɗa. Ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya ɗan juya abin rabon wuta, ya ce a sake. Sai ta kama, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse. Tsohon ya kara kunne a jikin injin ya daɗe yana saurare, ya ɗan taɓa wani ƙusa, ƙarar ta kwanta. Tsohuwa tana ɗaki ba ta fito ba. Daga baya ta gaya wa 'yarta cewa da ta ji wannan ƙara sai da ta miƙe za ta ɗora ruwan wanka, kamar yadda ta saba in Maigida ya dawo daga tasha.

Bayan an yi fenti fari irin na asali, malamin ya sabunta takardu da lamba, ya kai ta wurin jami'an duba lafiyar motoci. Gwajin farko hanyar Kagoro aka bi, a gindin duwatsun nan da ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, tsohon bakanike a gaba, yaron a baya da jarkar ruwa don ko-ta-kwana. Ba a buƙaci jarkar ba. Da salla ta zo wan ya iso daga Kaduna, ya zagaya motar sau biyu bai ce uffan ba, sa'an nan ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni makullin in kai Inna gaisuwa." Malamin ya ba shi.

Mai karatu zai iya tambaya ko ribar ta kai wahalar. In da kuɗi za a auna, abin da aka kashe ya isa a ƙara kaɗan a sayi wata motar da ta fi ta sauƙin mai. Malamin da kansa babur yake hawa zuwa makaranta, Fijo sai Juma'a da ranar biki da ranar da wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da dare. Amma akwai abin da ya kamata a sa a sikelin. Kamfanin da ya haɗa ta ya sha hawa da sauka: an sayar da shi ga 'yan kasuwa cikin 2006, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi cikin 2012. Kamfanonin haɗa motoci da aka kafa a zamani ɗaya da shi, irin su Steyr a Bauchi da Fiat a Kano da Leyland a Ibadan, duk sun ga irin wannan rana ko wadda ta fi ta. Kowace Fijo ta Kakuri da ta rage shaida ce cewa an yi zamanin da ma'aikacin reluwe zai sayi sabuwar mota da 'yan ƙasarsa suka haɗa a jiharsa. A garin Sosho na Faransa kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihin motocinsa cikin 1988. A nan kuwa, in aka ɗebe irin motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta cikin 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Legas, yawancin motocin wancan zamani sikeli ne makomarsu.

Sa'an nan ga ilimin da ke tafiya tare da masu shi. Kanikawan da suka san gyaran kafireta da kunne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan ya sami gurbin karatun injiniya, amma duk hutu yana wurin tsohon, a unguwar da a da ba ya zuwa, kuma masu tsofaffin Fijo daga Zonkwa da Gidan Waya sun fara aiko masa.

Wanda ke da irin wannan mota a bayan gidansa, in ba zai iya gyara ta yanzu ba, aƙalla ya ɗaga ta daga ƙasa, ya janye ta daga gindin bishiya, ya zuba mai a ramukan filogi, ya rufe ta, ya adana takardunta, ya kuma warware maganar gadonta tun masu haƙƙi suna raye. Littafin marigayin yana nan a aljihun motar. Shafin da ya tsaya a kai yana cewa lagireto ya huje, za a gyara bayan salla. A ƙarƙashinsa jikan ya ci gaba da rubutu da nasa hannun.